"Malama, Faɗa Mana Ko Ke Wace Ce": Darasi Ga Uwargida Mai Neman Aiki

 

'Yar'uwa uwargida, darasinmu na wannan fitowa ya tsaya ne a kan tambaya guda ɗaya tal, wadda kusan duk macen da ta taɓa shiga intabiyu ta neman aiki ta ci karo da ita. Kin yi sallama an amsa, an nuna miki kujera, mutum uku ko biyar suna bayan tebur, fayil ɗinki yana buɗe a gaban shugaban kwamiti. Sai ya ɗago kai ya ce: "To Malama, faɗa mana ko ke wace ce." Wani lokaci da Turanci zai faɗa, amma ma'anar ɗaya ce. A nan ne da yawa daga cikin matanmu na Gaya da Ajingi suke zubar da damarsu, tun kafin a zo kan tambayoyin da suka kwana suna bita. Wata ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. Wata ta ce, "Ai duk yana cikin takardun." Wata kuma ta kamo asali: ni 'yar Malam wane ce, jikar wane, ina aure a gidan Alhaji wane na Kademi, 'ya'yana shida. Ta yi shiru, su ma su yi shiru, can sai ki ji an ce "to madalla", an wuce gaba.

Kada ki ɗauka asarar ta tsaya a kanta ita kaɗai. Ayyukan da matan yankinmu suka fi nema sanannu ne: koyarwa a firamare ƙarƙashin SUBEB, aikin lafiya a ƙananan asibitocin sha-ka-tafi, koyarwa a Islamiyya, aikin Hisbah wadda aka kafa hukumarta a Kano a 2003, da wayar da kan iyaye gida-gida kan allurar rigakafi. Duk waɗannan ayyuka ne da 'yar gari ta fi kowa dacewa da su. Idan ba ta samu ba, sai a turo wata daga birni, kullum tana kan hanyar Wudil tana fama da kuɗin mota, kafin shekara ta zagayo ta fara neman a yi mata canjin wurin aiki, kuma ba za ki ga laifinta ba. Ke ma kin san matan da suke ƙin zuwa awon ciki don kawai namiji za su tarar. Irin wannan ƙarancin ne ya sa aka kawo shirin Women for Health a 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, inda aka riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara ana yi musu karatun share fage, domin su shiga makarantun jinya da ungozoma su dawo su yi wa garuruwansu aiki. To idan an sha wannan wahala mace ta yi karatu, sannan minti biyu a gaban kwamiti ya kayar da ita, matan Toranke da Balare da Shagogo ne suka yi rashi tare da ita.

Me suke nema da wannan tambaya?

Da farko dai ki sani takarda ba ta magana. A ranar intabiyun malamai, mata da dama ne za su zo da NCE iri ɗaya, wasu ma daga aji ɗaya suka fito a Sa'adatu Rimi. Sakamako kusan ɗaya, takardar shaidar ƙaramar hukuma iri ɗaya. 'Yan kwamiti kuwa tun safe suke zaune, wataƙila ma ba su buɗe fayil ɗinki ba sai da kika shigo. Saboda haka suna ba ki dama ne ki nuna musu da bakinki abin da ya kamata su duba a cikin tarin takardun nan. Wadda ta ce "duk yana ciki" ta mayar musu da aikin da suka roƙe ta ta taya su.

Sannan aikin da kike nema ai aikin baki ne. Malamar aji za ta tsaya gaban yara fiye da hamsin ta yi bayani har na bayan aji ya ji. Ma'aikaciyar lafiya za ta fahimtar da tsohuwa dalilin da ya sa ba za a bar mai naƙuda tana zubar da jini a ɗaki ana jiran gari ya waye ba, kuma ta faɗa ta yadda tsohuwar ba za ta ji an raina ta ba. Masu intabiyu sun zaɓi maudu'in da babu wanda ya fi ki saninsa a duniya, wato ke kanki, domin su ji yadda kike jera magana. Idan a kan wannan ma murya ta maƙale, za su tambayi kansu: ya za ta yi da darasin lissafi?

Akwai kuma awon gaskiya. Kina magana, ɗaya daga cikinsu yana bin takardu da ido. Kin ce kin gama sakandare a 2012, satifiket ya ce 2010. Kin faɗi shekarunki, takardar rantsuwar shekaru ta faɗi wasu daban. An sha samun wadda ta zo da takardun yayarta ko na ƙanwarta, kuma irin wannan tambaya mai kama da hira ita ce take fara tona ta, domin mai takardun aro ba ta iya ba da labarin makarantar da ba ta zauna a cikinta ba.

Amma abin da ya fi duka muhimmanci a ganina shi ne wannan: abin da kika zaɓa kika faɗa shi yake nuna yadda kika fahimci aikin. Rayuwar mace mai shekara 30 ba ta faɗuwa a minti biyu, dole ki tsinto. Wadda ta tsinto sunan mahaifi da na miji ta nuna musu tana jin alfarma ce za ta ba ta aikin. Wadda ta tsinto talaucin gidanta da yawan 'ya'ya ta nuna tana kallon aikin a matsayin tallafi. Ba ƙarya ta yi ba, Allah Ya san ana cikin matsi, amma kwamitin ba na rabon zakka ba ne. Wadda kuwa ta tsinto karatunta da abin da hannunta ya taɓa yi, ita ce ta nuna ta san amana ake shirin ɗora mata. Kuma daga cikin maganarki za su ciro tambaya ta gaba. Idan kika ce kin taɓa koyar da matan aure, za a ce, "Ya kike yi da wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba?" Kin ga ke kika ja su zuwa gonar da kika fi iya nomewa.

Su kansu masana harkar ɗaukar ma'aikata ba su ɗauki irin wannan sakakkiyar hira a matsayin ma'auni mafi inganci ba. A 1998 wasu masana biyu na Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, sun tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka nuna cewa intabiyun da aka tsara tambayoyinta iri ɗaya ga kowa, ana ba da maki, ta fi hirar kara-zube nuna wanda zai iya aiki. Don haka wannan tambaya ƙofa ce kawai, ba ita ce ɗakin ba. Sai dai mutum ɗan tara ne, abin da kunne ya fara ji yana bin sa har ƙarshen zama.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, ai duk wannan wahalar banza ce, aiki a ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu." Ba zan ce miki babu wannan ba, akwai. Amma ba kowane gurbi ne aka riga aka rabar ba, musamman na ƙauyukan da 'ya'yan manya ba sa son zuwa. Islamiyyu da makarantun kuɗi da ƙungiyoyi masu zaman kansu kuma su mai iyawa suke nema, domin su za su kwana a ciki idan suka ɗauki wadda ba ta iya ba.

Shin faɗin abin da na iya ba yabon kai ba ne?

Nan ne gizo yake saƙar, kuma nan nake so mu daɗe. Yawancin matan da suke yin shiru ba rashin sani ne ya hana su magana ba, tarbiyya ce. An raine mu a kan kunya da kawaici, an ce mana yabon kai jahilci, kuma mun ji a Islamiyya cewa Allah (SWT) Ya hana mutum tsarkake kansa, kamar yadda ya zo a aya ta 32 cikin Suratun Najmi. Duk wannan gaskiya ne. To amma mu duba abin da aka hana ɗin. Abin da aka hana shi ne mutum ya riƙa shaidar kansa da taƙawa da tsarkin zuciya, ko ya riƙa lissafa falalarsa don alfahari da ɗaukaka kai a kan mutane. Faɗin "na iya karɓar haihuwa" ko "na iya koyar da Tajwidi" ga wanda yake neman mai yin wannan aikin, wannan bayani ne, ba fahariya ba.

Ki koma Suratu Yusuf, aya ta 54 da ta 55. Sarkin Masar ya riga ya ji labarin Annabi Yusuf (AS): ya ji fassarar mafarkin, ya ji matan sun wanke shi. Duk da haka sai da aka kawo shi suka yi magana baki da baki, sannan sarki ya tabbatar masa da matsayi da amincewa. A nan ne Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar, ya kuma ambaci siffofinsa guda biyu: iya tsare abin da aka ba shi, da sanin aikin. Ki lura da kyau, 'yar'uwa. Shi ɗan Annabi Yaƙub ne, jikan Annabi Ishaƙ, tattaɓa-kunnen Annabi Ibrahim (AS), babu mai asali irin nasa, amma bai kawo asali a wurin ba. An ba shi kyan halitta, bai ambata ba. Ya sha zaman kurkuku bisa zalunci, bai nemi a tausaya masa da shi ba. Abu biyu da aikin taska yake buƙata, su ya faɗa, ya tsaya. Ibnu Kasir a tafsirin wannan aya ya bayyana cewa ya halatta mutum ya faɗi abin da yake da shi na cancanta idan ba a san shi ba kuma akwai buƙata. Imam Nawawi ma a cikin Al-Azkar ya raba ambaton kyawawan halayen kai gida biyu: abin zargi, wato na alfahari, da abin so, wato wanda akwai maslaha a cikinsa.

Wani abin sha'awa kuma, ma'aunin ɗaukar ma'aikaci da malamai suka fi kafa hujja da shi daga bakin mace ya fito. A Suratul Ƙasas aya ta 26, ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu na Madyana ce ta ba mahaifinta shawarar ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kafa dalili da ƙarfi da kuma amana. Ita ce dai wadda aya ta 25 ta siffanta tafiyarta da kunya. Kin ga kunya ba ta hana ta faɗin magana mai ma'ana a inda ake buƙata ba. Nana A'isha (RA) ma ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini.

Ɗaya gefen kuma shi ne hadisin Abu Zarri (RA) da Muslim ya rawaito, lokacin da ya nemi Manzon Allah (SAW) ya ba shi wani muƙami, aka nuna masa cewa yana da rauni a wannan fanni kuma abin amana ne da za a yi nadamarsa ranar ƙiyama, sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke nauyin. Abu Zarri fa, sahabin da aka shaida da gaskiyar harshe. Wannan yana koya mana cewa mutum yana iya zama salihi amma bai dace da wani aiki ba, kuma faɗin abin da ba ki iya ba don a ɗauke ki ya fi yin shiru haɗari. Idan kika ce kin iya sa ƙarin ruwa alhali ba ki taɓa nemo jijiya ba, ranar da aka kawo yaro mai amai da gudawa cikin dare ke kaɗai ce a asibitin.

Yadda za ki tsara amsarki

Fara da cikakken sunanki kamar yadda yake a satifiket. Wannan kamar ba sai an faɗa ba, amma mu Hausawa muna da alkunyar suna, wata ma sunan mahaifinta ya zo ɗaya da na maigida ko na ɗan fari, sai ta riƙa kewaye-kewaye. Jabir (RA) ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Manzon Allah (SAW), da aka tambayi ko wane ne sai ya ce shi ne, ba tare da faɗin suna ba, Annabi (SAW) ya nuna bai so hakan ba. Ummu Hani (RA) kuwa da aka tambaya, sunanta da na mahaifinta ta faɗa kai tsaye. Idan bayan aure kin koma amfani da sunan maigida alhali takardunki na ɗauke da na mahaifi, na takardun za ki faɗa, kada ki jefa su cikin ruɗani.

Daga nan sai garinku, sai karatu mafi girma da shekarar gamawa, sai abin da kika taɓa yi da ya shafi aikin, sai dalilin da ya sa kike son wannan gurbin. Ga misali, mai neman koyarwa tana iya cewa:

"Sunana wance wance, 'yar Ajingi ce ni, a mazaɓar Gafasa nake aure. Na gama NCE a fannin Hausa da Nazarin Addinin Musulunci a 2015. Tun daga lokacin ban yi aikin gwamnati ba, amma shekara shida ke nan ina koyar da matan aure karatu da rubutu a Islamiyyar unguwarmu da daddare, yanzu muna da ɗalibai wajen 40, kuma ni nake riƙe da rajista da kuɗin wata. Na yi aikin rigakafin shan-inna gida-gida zagaye da dama, don haka babu gidan da ban sani ba a yankin. Ina neman wannan aiki ne saboda 'yan matan garinmu suna barin makaranta daga aji huɗu, kuma na ga iyaye sun fi sakin jiki idan akwai malama mace."

Ba ta kai minti biyu ba. Babu inda ta ce ita mai gaskiya ce ko mai haƙuri, amma wanda ya ji an bar mata kuɗin makaranta shekara shida ya san an yarda da ita. Wannan ita ce dabarar da za ta raba ki da yabon kai: ki faɗi aikin da adadinsa, ki bar su su sa masa suna.

Ki kuma lura ba ta ɓoye shekarun da ta yi a gida ba. Matan aure da yawa suna jin nauyin wannan giɓi, sai su ce "ban yi komai ba, ina zaune ne kawai." Wace zaune? Uwar adashin da mata 20 suke zuba wa kuɗi duk mako ba a taɓa jin kansu ba, ta san riƙon amana da lissafi. Mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da take aika yara kasuwa tana fitar da uwar kuɗi da riba, ta san tsari. Wadda ta yi jinyar surukarta mai ciwon suga shekara uku tana kula da lokutan magani, tana da abin faɗa a gaban kwamitin lafiya. Ko jajis ɗin da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa naɗawa su jagoranci 'Yan Taru zuwa ƙauyuka, ai matan gida ne da aka ga natsuwarsu da riƙon amanarsu. Sai dai ki zaɓi wanda ya dace da aikin da kike nema, kada ki kwashe duka ki zube musu.

Maganar maigida kuma a gama ta tun a gida. Ba shawara ta ba ce ki cika fom a ɓoye ki ce idan an samu kya lallaɓa shi. Ku zauna ku yi magana a kan inda za a iya tura ki, da wanda zai kula da yara, da kwanan asibiti idan aikin lafiya ne. Kwamiti yakan yi wannan tambaya ko a fili ko a zuci, domin sun sha ɗaukar mace ta yi wata biyu a ce maigida ya hana. Idan kika iya cewa, "Mun yi shawara da maigidana, ya amince, kuma zan iya aiki a ko'ina cikin ƙaramar hukumar nan," kin cire musu babbar damuwa a jimla ɗaya. Amma kada ki faɗa idan ba haka ba ne. Haka nan wanda za ki rubuta a matsayin mai tsaya miki, ki zaɓi wanda ya san aikinki, kamar shugaban Islamiyyar da kike koyarwa, ba mai babban suna da bai taɓa ganinki ba. An rawaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya tambayi wani da ya zo shaidar wani mutum ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa hulɗar kuɗi, da ya ce babu ko ɗaya sai Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba.

Sauran abin da ya rage na murya ne. Ki ɗaga ta daidai yadda na ƙarshen tebur zai ji, ba tare da kwarkwasa ko langaɓar da harshe ba, wanda shi ne ladabin da aya ta 32 ta Suratul Ahzab ta koyar game da magana da maza. Ba dole ba ne ki ƙura wa namiji ido, amma kada ki yi magana da cinyarki. Ki fuskanci tebur, in akwai mace a kwamitin ki riƙa kallon wajenta. Idan da Turanci aka tambaye ki, ki amsa da Turanci gwargwadon iyawarki, gajerun jimloli masu tsabta sun fi dogayen da aka haddace, domin mai hadda da an katse ta da tambaya ɗaya sai zaren ya tsinke. In kuma aikin ba na Turanci ba ne kuma kin ga za ki cutu, babu laifi ki ce, "Ranka ya daɗe, ko za a yi mini izini in yi bayani da Hausa?"

Kafin ranar, ki rubuta amsarki a takarda, ki ɗauko satifiket ɗinki ki gwada kowace shekara da kika rubuta da wadda take jiki. Sannan ki samu maigida ko wata 'yar'uwa a ƙungiya ta zauna a matsayin shugaban kwamiti, ta riƙe agogo, ki faɗa da baki sau uku ko huɗu, tana katse ki da tambaya a tsakiya. Shugabannin rassanmu na Gaya da Ajingi za su iya ware rabin awa bayan ta'alim don wannan gwaji duk lokacin da aka ji an buɗe ɗaukar ma'aikata, waɗanda suka riga suka shiga aiki su zauna a kujerar masu tambaya.